Gida na Arba'in

Takardar da ta fito daga sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da kwana-kwana: duk ƙauyen da gidajen da ake kwana a cikinsu ba su kai arba'in ba, a rufe ɗakin shan maganinsa, mutane su riƙa zuwa babban asibiti, tafiyar awa uku a ƙafa. Wanda ya rubuta ta, wallahi, bai taɓa goya mara lafiya ba.

Dogo aka tura ƙidayar, don shi ɗan ƙauyen ne, kuma shi kaɗai ke da babur mai tashi a ofishin. Aka ba shi fom da alli, aka ce duk gidan da ya tarar da mutum ya rubuta lamba a ƙofar, mai duba aiki zai biyo bayansa ran Litinin.

Ƙauyen ya yi tsit, matasa duk sun watse birni. Layin da ya taso a cikinsa yanzu kwaɗo ne a ƙofa bayan kwaɗo, ciyawa ta cinye dakali. Ya yi ta sallama, wani wurin akuya ce kawai ke ɗago kai ta dube shi. Da la'asar allinsa ya tsaya a talatin da tara. Ya sake zagayawa, har kangon makaranta ya leƙa. Talatin da tara dai.

Sai ya nufi wurin Goggo, ƙanwar babansa, wadda duk mako ake auna mata hawan jini a ɗakin maganin nan. Bara shi da kansa ya yi ta lallashinta har ta bar gidanta na bakin gari ta dawo wurin matar marigayi yayansa, don ya gaji da tunanin tana kwana ita kaɗai. Nan ta samu abokiyar hira, har ta yi ƙiba.

Bai yi niyyar faɗa mata ba, amma Goggo ba a ɓoye mata fuska. Ta tambaye shi nawa ya samu, ya faɗa. Ta tambaye shi nawa ake nema, ya faɗa. Sai ta sa aka naɗe mata tabarma, ta haɗa buta da ƙwaryarta da 'yar rediyonta.

Dogo ya ce rufin ɗakin tsohon gidan nata yana yoyo. Ya ce zai rubuta lambar kawai, ba sai ta koma ba. Ta ce mai duba aikin makaho ne da ba zai ga murhu ya yi sanyi ba? Kuma ita ba za a yi ƙarya da sunanta ba.

"Akwai masu ciki uku a garin nan," in ji ta. "Ɗauko mini kayan, kai dai tsawo kawai ka yi."

Ya ɗora kayan a babur, yana turawa, tana biye da sandarta. Ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da ya sa kafaɗa. Ciki ƙura da kashin ɓera, ba maƙwabci ko ɗaya da zai ji ta in ta yi kira. Ya ji kunyar allin da ke hannunsa.

Ya rubuta arba'in a jikin ƙofar. Goggo ta ce ya hanzarta kada rana ta faɗi masa a hanya.

Da ya kai kwanar hanya ya waiga. Tana tsakar gida a duƙe tana shara, ita kaɗai.