Sitiyarin Motar Yallaɓai

Ban kai shataletalen farko ba na san an taɓa motar nan. Titi a miƙe yake sambal, mota na tafiya a miƙe, amma sitiyarin da ke hannuna ya karkace hagu kamar hular ɗan tasha. In na daidaita shi, sai motar ta nufi kwata.

Ni Hodi, shekara ashirin da biyu ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba. Sha huɗu daga ciki Alhaji Abdussamadu nake tuƙawa, tun muna Sakkwato, har aka ƙirƙiro jihar Kebbi bara aka dawo da shi Birnin Kebbi a matsayin darakta. Ranar Juma'a da hannuna na wanke farar Fijon nan ta gwamnati, na rataye makulli a ƙusar falonsa kamar kullum, na shiga motar haya na tafi gida Argungu. A miƙe na bar sitiyari.

"Ranka ya daɗe," na ce ina kallonsa ta madubi, "an fita da mota ne bayan na tafi?"

Bai ɗago daga jaridarsa ba. "Wa zai fita da ita, Malam Hodi? Ƙila rami ka faɗa ka manta."

Rami! Ni? Na haɗiye maganar, don dama zuciyata ba daɗi. Jiya Lahadi muka binne maƙwabcina Maigandi, manomin albasa, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ranar Asabar bayan la'asar yana dawowa daga fadama a kan kekensa, wata mota ta kwashe shi a bakin titi, ko tsayawa ba ta yi ba. Kafaɗata har ta yi tsami saboda ɗaukar makararsa.

* * *

Ina sauke Yallaɓai a ofis na wuce garejin Benedict da ke hanyar Gwadangaji. Mutumin kudu ne, amma Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari, tsokana kuwa ba a magana.

"Baba Hodi, sitiyari ne kawai? Kawo in kwance noti, in zare shi, in mayar da shi a miƙe. Minti biyar, ka tafi abinka."

"Kai dai Allah ya shirye ka," na ce. "Ka gyara fuska ka bar ciwo a ƙafa? Duba min ƙasa."

Ya yi dariya, ya san ba a yi min wannan aikin. Ya fara auna iskar tayoyi, duk daidai. Ya tsaida tayoyin gaba a miƙe, ya ɗaura zare daga tayar baya ya ja shi zuwa gaba. Ta hagu zaren ya kwanta lafiya lau. Ta dama kuwa bakin tayar ya kauce wa zaren, har yatsa na shiga tsakaninsu. Ya shafa tayar da tafin hannu, ya yi tsaki.

"Ba tsufa ba ne wannan. Taya ba ta ci gefe ba tukuna. Sabon duka ne."

Muka tura motar kan ramin duba ƙasan mota ya shiga. Ina tsaye ina jiransa sai idona ya kai kan fitilar dama. Sabuwa ce fil. Na sa farce a fentin da ke gefenta, ya lotsa, bai gama bushewa ba.

"Baba Hodi, sauko."

Babu dariya a muryarsa. Na sauka. Ya nuna min sandar ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, wadda suke kira tayirod. Ta lanƙwashe kamar baka. Sannan ya miƙa hannu bayanta ya warware wani abu da ya naɗe a jiki, ya ɗora min a tafin hannu. Wayar ƙafar keke ce, guda biyu, da ɓawon albasa maƙale a man da ke jikinsu.

Na zauna a ƙasan ramin nan cikin baƙin mai da farar rigata. Mutum ɗaya ne ke ɗaukar makullin nan in ba na nan: Zulkifli, ɗan Yallaɓai na fari, wanda ya zo hutu daga jami'a. Ni na riƙa kai shi firamare. Ni na koya masa tuƙi a filin Idi, ina zaune a gefensa ina ce masa a hankali.

* * *

Da na bi ta kan 'yan sanda a ranar, da ban zama abin da na zama ba. Amma ina! Shekara sha huɗu ina cin abincin gidan mutum, sai in kai ɗansa ban gaya masa ba? Na naɗe wayoyin a hankici, na jira aka tashi daga aiki, na same shi a falo shi kaɗai. Na durƙusa na buɗe hankicin a gabansa.

Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya kawo ruwa, wallahi na gani da idona.

"Malam Hodi, kai ɗan'uwa ne, ba direba ba," ya ce. "Yaron nan ya kashe ni. Ban san mutum ya buge ba, cewa ya yi jaki ne."

"Ranka ya daɗe, maƙwabcina ne. Ya bar mace da 'ya'ya biyar."

"Na ji. Ni da kaina zan kai shi ga hukuma, in je in yi wa iyalin gaisuwa. Ka ba ni kwana biyu in sanar da uwarsa, ka san hawan jininta." Ya share fuska. "Amma motar nan ba ta tafiya haka. Jibi muna da taro a Sakkwato. Ka mayar a gyara ta sosai, irin gyaran da kake so."

Na ce ko a bar ta yadda take har hukuma ta gani. Ya ce ai shaida tana hannuna, in adana ta, in haɗa da tsohon ƙarfen. Na ji maganar ta zauna. Har addu'a na yi masa da zan fita, ka ji wauta.

Ranar Talata na wuni a gareji. Benedict ya cire lanƙwasasshen ƙarfen ya sa sabo. Na zauna a kujerar direba na riƙe sitiyari a tsakiya gam, shi kuma yana ƙasa yana murɗa noti, ya saki nan kaɗan, ya ɗaure can kaɗan, yana duba zare, har tayoyin biyu suka kwanta daidai. Na gwada ta a hanyar Badariya, na saki hannu, ta tafi sambal. Na ɗauki tsohon ƙarfen da hankicin na kai ɗakin da nake kwana a bayan gidan Yallaɓai, na tura ƙarƙashin gado.

* * *

Laraba da hantsi ina goge gilashi a harabar ofis kafin mu kama hanyar Sakkwato sai ga 'yan sanda uku. Ashe ranar Asabar wani mai kiwo ya ga farar Fijo mai lambar gwamnati a wurin da aka buge Maigandi, ya riƙe rabin lambar. Suka shiga da ni ofishin Yallaɓai. Na ji sanyi a raina, na ce yau gaskiya za ta fito daga bakin mai ita.

"Yallaɓai," in ji sufeton, "wa ke riƙe da motar nan ranar Asabar?"

"Motar gwamnati ai direba ke riƙe da ita," ya ce, a natse, yana gyara hannun babbar riga. "Tun Juma'a ban sa ta a ido ba. Shi mutumin Argungu ne, can yake ƙarshen mako."

Na ɗauka kunnena ne. "Ranka ya daɗe, Zulkifli fa?"

"Zulkifli yana Zariya tun makon jiya. Malam Hodi, ka ji tsoron Allah, kada ka jawo yaro cikin abin da ka yi."

Ni yake ce wa in ji tsoron Allah! Na rantse, na sake rantsewa, sufeton yana rubutu bai ko dube ni ba. Yallaɓai ne da kansa ya ba su shawara su tambayi garejin da nake zuwa, su kuma duba ɗakina.

Aka kira Benedict. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Wa ya kawo maka motar?"

"Baba Hodi. Amma shi ne ya ce a duba ƙasa, da shi ya yi ai ba zai..."

"Wa ya sa a canza ƙarfen? Wa ya tafi da tsohon?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ce ni ne. Bai yi min ƙarya ko ɗaya ba, bawan Allah. A ƙarƙashin gadona suka zaro ƙarfen da hankicin, kamar yadda aka ce in adana.

Ba ɗaurin ne ya fi ƙona min rai ba. Hawayen nan na falo ne. Ashe tun ina durƙushe a gabansa yake auna ni, yana duba ta inda zan shiga daidai.

* * *

Kwana huɗu na yi a tsare kafin wan matata ya tsaya min aka ba da belina, shari'a sai bayan wata. Na sauka a tashar Argungu da azahar, na bi ta lungu.

Ƙofar gidan Maigandi na nan da tabarmi, ana zaman addu'ar bakwai. Mutanen da muka taso tare ne, mun yi kamun kifi a kogi tare, mun yi sahu ɗaya a masallaci shekara da shekaru. Na tsaya na yi sallama. Limamin unguwa kaɗai ya amsa, shi ma ƙasa-ƙasa. Wani tsoho ya ce, ba da ni yake ba, amma don in ji: "Da shi munka ɗauki gawa. Har kuka ya yi." Babu wanda ya matsa min wuri.

Na shiga gida. Matata Asiya tana zaune a bakin murhu, wuta ta mutu. Tun ranar rasuwa ita ke dafa wa Sakinatu, matar Maigandi, abincin rana, ta miƙa ta kan katanga.

"Sannu da zuwa, Malam," ta ce, ba ta iya dubana ba.

"Asiya, ke ma kin yarda?"

"Ni ban yarda ba. Amma ni kaɗai ce."

Sai muka ji motsi a kan katanga. Hannun mace daga gidan Maigandi ya ajiye kwanon samira a hankali, ya janye. Asiya ta tashi ta sauko da shi, ta buɗe murfin. Tuwon shinkafa ne malmala uku, yadda ta jera su, miyar ta daskare a kai.