Wa Ya Yanke Igiyar Ƙarfena?

Ke Gyehwa, ke ce kika taɓa jonbok ɗina. Kada ki sunkuyar da kai kamar ba da ke nake ba. Ko kin zama shugabar masu nutso ta ƙauyen nan, ni Malsun na san ki tun kina bin uwarki bakin teku da majina a hanci.

Kowace mace a tsibirin nan ta san dokar. In kin ga jonbok, ƙaton dodon koɗin nan na teku mai ɓawo ɗaya, ya manne a dutse, numfashi ya ƙare miki kafin ki ɓamɓare shi, sai ki ciro ɗan ɓawon jonbok da ke ɗamararki, ki ajiye a gefensa, cikinsa mai ƙyalli yana kallon sama. Shi ke nan, ya zama naki. Ko yunwa za ta kashe wata, ta ga ƙyallin nan sai ta wuce. Ɓawon da nake ajiyewa na uwata ne, gefensa a ɓalle, babu wadda ba ta san shi ba.

Ranar nan a ruwan tsofaffi nake, inda kuka ware mana don wai ƙarfinmu ya ragu. Can ƙarƙashin wani dutse na ga jonbok ɗin. Ya fi tafin hannuna faɗi, ciyawar ruwa har ta tsiro a bayansa. Rabona da ganin irinsa tun mijina yana da rai. Na ajiye ɓawona, na haura, na rungume gorana na iyo da ragata take rataye a jikinsa, na yi fito har numfashi ya dawo. Sai na zura hannu a igiyar ƙarfen ɓamɓara, na sake nutsawa. Na ga ƙyallin. Na tuna na soka ƙarfen a ƙarƙashinsa, na ji ya damƙe.

To daga nan ne fa ban gane ba.

Sai kawai na gan ni kwance a kan gorana ina tari, ruwan gishiri yana fita ta hancina, ke kuma kina gefena kin riƙe ɗamarata. Me ya kawo ki ruwan tsofaffi, ke da wurinki yake can nesa inda jirgi yake kai ku? Na tambaye ki, kika ce, "Goggo, wucewa nake yi." Wucewa zuwa ina? Bayan nan ai sai duwatsu.

Da muka fito, muka zauna a shingen duwatsu muna jin wuta, na zazzage ragata. Ga jonbok ɗin ya faɗo tim, a kan 'yan dodon koɗin da na tsinto. Mata suka ɗauki shewa.

"Kai, Goggo Malsun! Wannan ai sa'anki ne, tare aka haife ku!"

"A kai shi gida a yi masa shimfiɗa, ta samu sabon miji!"

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Wa ya sa wannan a ragata?"

Sai ke Gyehwa kika ce, idonki a kan wuta, "Goggo, ke kika ciro abinki mana."

"Ni? Yaushe?"

"Ɗazu."

"To ina ɓawon uwata? Na taɓa ciro jonbok na bar ɓawona a ƙasa?"

Ke kuwa sai ƙara itace kike yi a wutar da ba ta nemi itace ba. Na duba ƙarfena, ga shi a cikin raga, amma igiyarsa a yanke, yankan wuƙa sumul. Wuyan hannuna kuma ya kumbura, da shaida ja ta zagaye shi. Ban san lokacin da na ji wannan ciwon ba.

Kin san abin da amsar nan taki ta jawo mini? Kafin in isa gida labari ya riga ni. 'Yata Jongnim ta tare ni a bakin ƙofa.

"Inna, an ce kin ciro jonbok kin manta kin ciro."

"Ban ciro ba."

"To wa ya ciro?"

"Shi nake tambaya!"

Ta kalle ni irin kallon da ake wa tsohuwar da ta sa takalmi a tukunya. Ta ɗauke gorana ta jefa a bayan motarta, wai wanda yake mantuwa a ƙarƙashin ruwa ba ya komawa ruwa. Ta yanka jonbok ɗin ta yi mini faten shinkafa da shi, har da hanjinsa, faten ya yi kore shar. Ban ci ba. Ta yaya zan ci abin da ban san ko nawa ne ba?

Washegari na tarar da ɓawon uwata a kan katangar gidana, da danshinsa. Wani ya nutsa ya ɗauko shi ke nan. Ai ba ni ba ce, ni da ba ni da gora.

Na kai ɓawon wurin Doksun, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda ta daina shiga ruwa saboda gwiwa. Ta juya shi, ta ce, "Ke dai jaka ce tun asali. Dabbar nan ta damƙe ƙarfenki, igiya ta riƙe hannunki, kika ƙi saki saboda kwaɗayi. Da yarinyar nan Gyehwa ba ta yanke igiyar ba, da yau muna cin naman makokinki."

Na ce, "Kin gani da idonki?"

"Ina kan dutse ina shanya ciyawar ruwa."

"Ke da ba kya bambance akuya da kare in sun wuce ƙofarki?"

"To je ki tambayi akuyar."

Ni yanzu ban san wanne zan kama ba. In na ciro shi da kaina na manta, kaina ya taɓu. In Doksun ta faɗi gaskiya, teku ya kama ni ya sake ni ban sani ba, ni da nake koya wa yara cewa in ƙarfe ya maƙale a zare hannu a bar shi. In kuwa ganin ƙyallin kika yi kika ɓamɓare, sannan kunya ta kama ki kika jefa mini a raga, to kin karya doka, shugaba ko ba shugaba ba. Duk uku ba za su zama gaskiya ba. Ke kaɗai ce kike wurin, kuma kin rufe baki kina gaishe ni a hanya kamar ba komai.

Gobe in ruwa ya janye zan zo shingen duwatsu, da ƙarfena da guntun igiyar. Ki tsaya gaban mata duka ki faɗa. In sata kika yi, a yanke miki hukunci, Jongnim ta dawo mini da gorana. In kuma abin da Doksun ta ce ne, ki kalli idona ki faɗe shi, ni da hannuna zan rataye goran, ba sai an ƙwace mini kamar yarinya ba. Amma ba za ki bar ni a tsakiya ba, Gyehwa. Wa ya yanke igiyar nan, kuma don me? Ki ba ni amsa.