Busasshen Itace a Tsakiyar Damina

Lukong ya ɗaga gefen tampol ɗin, wani wari ya buge shi kamar na tsumman da aka manta a cikin bokiti. Ya ture duwatsun da ya danne shi da su, ya yaye shi gaba ɗaya. Wayyo! Itacen turaren da ya sare tun rani ya tara a gangaren bayan gida, ga shi nan ya yi baƙi ƙirin, ruwa na ɗiga daga jikinsa, na ƙasa har naman kaza ya tsiro masa. Ya ɗauki guda biyu ya gwara su. Ko ƙara ba su yi ba, sai wani dif.

Kuma yau ɗin nan da la'asar zai kai kayan neman aure gidan Baba Wirba, mahaifin Leinyuy. Manja yana nan, gishiri yana nan, kawunsa zai taho da bammi. Itace kaɗai ya rage, kuma kowa a unguwarmu ta Kumbo ya san a gidan Baba Wirba itacen shi ne maganar. Wasu iyayen kan karɓi abin da aka kawo su kau da kai. Ban da shi. Tari ne ya ɗauke matarsa, tarin da ta kwasa a shekarun da suka yi suna jin ɗumi da ɗanyen itace, kuma ya rantse ba 'yarsa da za ta zauna a ɗakin hayaki. Da gangan yake sa wa masu neman 'ya'yansa rana a watan Agusta, lokacin da ruwa ba ya ɗagawa. Wanda ya nemi yayar Leinyuy da jiƙaƙƙen itace ya zo, tsohon ya ce masa ya koma sai baɗi. Ita kuwa Leinyuy ta gaya wa Lukong ƙarara cewa in aka ce baɗi, gwaggonta za ta tafi da ita Yawunde tsaron shago, kuma wadda ta tafi can ba ta cika dawowa ba.

Laifin Lukong ɗaya ne: a Duwala ya tashi, inda ake kwana da fanka. Shi a saninsa, abin da ba ka so ruwa ya taɓa sai ka lulluɓe shi ruf. Ya sayi sabon tampol shuɗi, ya jibge itacen a kan tsurar ƙasa, ya naɗe shi tun daga sama har gindi, ya bi gefe da duwatsu kada iska ta shiga. Iskar da ita ce maganin abin! Haba Lukong.

Ya tashi babur ɗinsa na acaɓa, ya nufi kasuwa cikin yayyafi. Mata masu itace suna zaune a rumfarsu sun dunƙule cikin rigunan sanyi, suna gasa masara.

"Sannunku iyayena. Busasshen itace nake nema, cikin mota guda."

Babbarsu ta dube shi daga sama har ƙasa. "Busasshe? A Agusta? Ɗana, je ka nemo mana rana tukuna, sai mu shanya maka."

"Tsaya, tsaya," in ji ta kusa da ita. "Ba wannan ne mai tampol shuɗi ba? Na gidan Bongfen?"

Rumfar ta ɗauki shewa.

"Ashe kai ne! Kullum muka wuce sai mu ce yaron nan dafa itace yake yi. To ya nuna? A kawo gishiri?"

Lukong ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Kun gani, shi ne ba wadda ta gaya min?"

"Ka tambaya? Kullum fiii kake wucewa, sai dai ka watsa mana taɓo."

Babbar ta tausaya masa. Ta jawo guntu ɗaya daga cikin nata ta ɗora masa a kumatu, ya ji sanyinsa har cikin haƙori. "Ka ji? Mafi kyawun da muke da shi ke nan, kuma haka Wirba zai gwada shi. Ba zan cuce ka in sayar maka ba. Mai busasshe a wannan wata ba ya sayarwa, don da shi zai kai ƙarshen damina."

Ya zaga wasu wurare biyu, labarin ɗaya ne. Leinyuy ta kira shi a waya yana tsaye a ƙarƙashin wata rumfar kwano, ta ce an gama tuƙa tuwon masara, an yanka kaji, baffanninta sun fara isowa. Ya ɓoye mata labarin itacen. Ya ce yana nan tafe.

Da ya koma gida bai shiga ɗakinsa ba. Ya zauna a kan dutse cikin yayyafin, ya haɗa kai da gwiwa.

"Lukong! Kai kaza ce da za ka zauna cikin ruwa? Shigo nan."

Mama Bongfen ce, mai gidan da yake haya, daga ɗakin girki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk suna birni, gwiwoyinta kuma sun kumbura har da ƙyar take kai kanta ƙofar gida. Lukong ne ke goya ta a babur zuwa asibiti duk wata, ya jira ta a layi, ya dawo da ita. Bai taɓa ɗaukar hakan wani abu ba.

Ya tsuguna a gaban murhunta ya ba ta labari. Ta riƙe baki.

"Tampol har ƙasa? Allah ya shirye ka. Da ƙafata tana kai ni gangaren nan, da tuni na yaga shi da hannuna." Can ta nuna kusurwa da sandarta. "Jingina tsanin nan, ka hau sama."

Ya hau. A saman ɗakin, kan shimfiɗar gwangwalar da ake shanya masara, itace ne a jere har kusa da kwano. Zafin murhu ya dafa shi ya yi ja, ba nauyi, bakinsa duk ya tsattsage. Kowane guntu an ɓare masa ɓawo, tsawonsu ɗaya, kuma an sassaƙe bakin kowanne ta gefen hagu. Ya gwara biyu, suka ce ƙwal, tas kamar an buga ƙarfe.

"Sauko da shi," in ji ta daga ƙasa. "Duka. Wirba ba ya kallon rabin kaya."

"A'a Mama. Damina da saura. Da me za ki ji ɗumi? Sanyin nan in ya kama miki gwiwa ko tashi ba za ki iya ba."

"Gwiwar tawa ce ko taka? Ina da bargo biyu."

"Mama, ba zan iya ba."

"To zauna nan sama, a kai yarinyar Yawunde, ka zo kana min kuka a tsakar gida kana hana ni barci. Sauko da itace, malam!"

Ya fara miƙo shi ƙasa, hawaye na zubo masa, yana cewa hayaki ne ya shiga idonsa, alhali murhun Mama Bongfen ba ya hayaki. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan. Ya tambaye ta wa ya faskara mata itace mai kyau haka.

"Wani tsoho mai taurin kai, abokin marigayi. Kana can kana yawon acaɓa yake zuwa. Yi sauri ka bar tambaya."

La'asar sakaliya a-kori-kurar da ya ɗauko haya ta tsaya a ƙofar gidan Baba Wirba. Dangi sun cika barandar, kawun Lukong ya shiga gaba da tulun bammi. Lukong ya fara sauke itacen yana jerawa, sai idonsa ya kai jikin bangon gidan. Nan itacen mai gidan yake, a ɗage kan duwatsu, an rufe samansa kawai da tsohon kwano, iska na ratsa shi ta ko'ina. An ɓare masa ɓawo. Tsawonsa ɗaya. An sassaƙe bakin kowane guntu ta gefen hagu.

Sak irin saran da ke jikin itacen da ya kawo.

Baba Wirba ya fito, gajeren tsoho cikin hular ulu. Ya miƙo hannun hagu ya ɗauki guntu ɗaya daga kayan Lukong, ya ɗora a kumatu. Ya ɗauki na biyu ya gwara. Ƙwal. Baffanni suka gyaɗa kai, wani ya ce madalla. Tsohon ya juya guntun, ya shafa sassaƙen bakinsa da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa.

"Wa ya faskara wannan?"

Kawu ya zunguri Lukong da gwiwar hannu, yana masa raɗa: "Ce kai ne mana." Ta tagar ɗakin girki Lukong ya hango Leinyuy, ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ya durƙusa a cikin taɓon.

"Ba ni ba ne, Baba. Na sari nawa tun rani, na rufe shi da tampol har ƙasa, ya ruɓe. Yau da safe na gani. Wannan na Mama Bongfen ne, ita ta ba ni."

Kawu ya dubi sama kamar bai san shi ba.

"Na san ba kai ba ne," in ji Baba Wirba. "Kafaɗata har yau ba ta daina ciwo ba." Wani baffa ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Tsohon bai ko murmusa ba. "Matar nan, ni da nake faskara mata, in na ƙara guntu ɗaya a wuta don in ɗumama hannu sai ta ce ina mata ɓarna. Nawa ta rage wa kanta?"

"Ba ta rage ba, Baba. Duka ta ce in kwaso."

"A Agusta?"

"A Agusta, Baba."

Baba Wirba ya dube shi tsawon lokaci, kamar yau ya fara ganinsa. Sannan ya ajiye guntun a kan sauran.

"Bongfen ba ta shiga sanyi don mutumin banza. Na karɓa."

Mata suka rangaɗa guɗa daga ɗakin girki. Tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Yanzu itacen nan na waye?"

"Naka ne, Baba."

"To ga aikinka na farko a matsayin suruki. Ka mayar da shi cikin motar nan, ka kai wa Bongfen, ka ce in ji ni, kyauta na ba ta. Kafin duhu. Tuwonka Leinyuy za ta ajiye maka. Gobe ina tafe, mu ɗaga wancan ruɓaɓɓen naka kan duwatsu mu ga abin da zai tsira. Sama ake rufewa, yaro, gefe na iska ne."

Lukong ya shiga mayar da kayan da ya sauke yanzun nan, yana godiya da kowane ɗauka. Leinyuy ta zo wucewa da kwanon kaji, idonta jawur amma bakinta na rawa da dariya.

"Sannu da aiki, mai tampol," ta ce ƙasa-ƙasa.

Magariba ta kawo kai lokacin da motar ta koma gida. Ɗakin girkin Mama Bongfen sanyi ƙalau, murhu ya mutu. Tana zaune ta ƙudundune cikin bargunanta biyu, hancinta kawai ake gani. Tsanin kuwa yana nan a jingine inda ya bar shi.

"Kun daɗe," ta ce. "Tsohon ya tsaya dogon surutu ko?"

Lukong ya tsaya da rungumen itace a ƙirji. "Mama, dama kin san zai dawo da shi?"

"Hura min wuta tukuna, haƙorana na kaɗawa."

Ya durƙusa ya jera guntaye uku, ya ƙyasta ashana. Nan take wutar ta kama, fes, ba ko ɗigon hayaki. Ta zaro tafukanta daga cikin bargon tana gasawa.

"Na san Wirba zai gane saran gatarinsa ko a cikin duhu ne," ta ce. "Kuma na san zai tambaye ka. Abin da za ka ce masa ne ban sani ba. Da ka ce kai ka faskara, da ya riƙe itacen ya kore ka, ni in ƙarasa damina a cikin bargo."

"Duk da haka kika ba ni?"

"To ga shi ya dawo, ko ba shi ba ne wannan?"

Lukong ya kama hannunta mai sanyi da hannuwansa biyu ya ce, "Na gode, Mama," ya sake faɗa, ya kuma faɗa, har ta fizge hannun ta ce zai karya mata yatsu. Ya matso mata da kujerarta kusa da murhu. Ya ɗauki guntu na huɗu zai ƙara a wutar, ta doke masa hannu da sandarta.

"Uku sun isa. Hau ka jera sauran, damina da saura."