Zabuwar Gidan Fatoma

Abdulgani mai banda, mutumin Kalgo, ya shekara arba'in da 'yan kai yana cin kifi. Da safe kifi, da rana kifi, da dare tuwo da miyar kifi. Rigarsa ƙamshin hayaƙin banda take yi, rawaninsa haka, har kyanwoyin unguwa sun fi 'ya'yansa saurin gane ya dawo. Gidansa kuwa baki ashirin da uku ke ci. In an kawo masa akushi, kafin ya kai loma ta uku ya san akwai idanu a bayan danga suna jiran saura, kuma maigidan kirki ba ya suɗe kwano. Tun da ya yi aure bai taɓa ganin gindin akushinsa ba.

Ba mai rowa ba ne, kada a zalunce shi. Buri ɗaya kawai yake da shi a duniya, ƙarami, wanda kunya ba ta barinsa ya faɗa wa kowa: ya zauna shi kaɗai, ya ci zabuwa guda sukutum, soyayya da man shanu, ba mai kallon hannunsa.

Wata bazara, shekara goma sha wani abu da zuwan Nasara, ya ɗaure banda a kan jakai shida ya nufi Gwandu. Matarsa Huseina ta tambaye shi me ya hana ya sayar a kasuwannin kusa kamar kullum. Ya ce kifi ya fi daraja a tudu, ga kuma ziyarar hubbare da ya daɗe yana niyya. Duka biyun gaskiya ne. Dalili na ukun da ya ɓoye shi ne labarin da fatake suka ba shi na gidan Fatoma Lukuman, inda ake saukar baƙon da ya zo da kaya mai kauri, a karrama shi kwana uku, kowace rana da zabuwarsa bayan azahar. Sun ce wata tsohuwa ce mai suna Albarka ke soya ta, kuma wanda ya ci sau ɗaya sai ya riƙa mafarkinta.

Ya kwana a hanya, ya ratsa Kambaza, ya shiga Gwandu ranar Litinin da la'asar. Fatoma Lukuman, wani dogo mai fara'ar ɗan kasuwa, ya tarbe shi, ya sa aka sauke kaya, aka kai jakai turke. Aikin fatoma ke nan: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya nemo maka masu saye, kai kuwa ka miƙe ƙafa ka huta. Ya kai shi wani ɗaki mai daɓe sumul, ƙofarsa na kallon hanya.

"Duba nan, baƙona," in ji Fatoma, yana nuni da haɓa. "Ga kasuwa. Ga masallaci. Wancan zauren na alƙali na. Ga rijiya ƙohwar gida. Duk wanda yash shigo Gwandu, ko mi yak kawo shi, sai ya bi ta gaban ɗakinga."

Abdulgani ya yi murna da jin haka, Allah sarki. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon masaƙa da marina suna wucewa da shuɗaɗɗun hannuwa, yana jin kansa kamar wani hakimi.

Ranar Talata da hantsi ya yi ziyararsa, ya zaga kasuwa, ya sa wanzami ya gyara masa gemu. Bayan azahar Albarka da kanta ta kawo akushi ta ajiye. Ya ɗaga faifai. Ga ta nan kwance, ja-ja-wur, man shanu na ƙyalli a jikinta, an barbaɗa mata yaji. Yawunsa ya tsinke. Ya wanke hannu a natse, ya naɗe hannun riga.

"Salamu alaikum. Kai, wa nika gani haka? Abdulgani na Kalgo?"

Jibrin ne, mutumin Diggi, wanda ya shekara uku yana shari'ar iyakar gona da ƙanen matarsa. Yau ma an ɗaga shari'ar. Yana fitowa daga zauren alƙali da shaidunsa biyu sai ya hango fuskar gida.

To, mutum na cin abinci wani ya yi sallama, me zai ce? Abdulgani ya ce, "Bismilla." A birni, in aka ce maka bismilla, sai ka ce alhamdu lillahi, ka ƙoshi, ko da cikinka na kuka. Wannan ladabi bai taɓa ƙetare kogi ya isa Diggi ba. Su ukun suka tsuguna suka wanke hannu. Jibrin ya ɓalle cinya yana ba da labarin yadda ƙanen matarsa ya matsar da kututturen iyaka, ya ɓalle ta biyu don ya nuna inda kututturen yake da. Abin da ya kai bakin Abdulgani wuya ne da fiffike ɗaya.

Ya haƙura, ya ce akwai gobe.

Goben ta fi muni. Gidan da ke tsakiyar gari ba ya ɓoye baƙo, kuma Jibrin ba ya ɓoye alheri. Kafin azahar duk wani ɗan Kalgo da Diggi da Dangoma da ke cikin Gwandu ya ji cewa ɗan'uwa ya sauka gidan Fatoma. Wanda ya zo sayen zane ya zo gaisuwa. Wanda ya kawo tsohuwarsa wurin mai magani ya zo gaisuwa. Har da wani da Abdulgani bai taɓa gani ba, ya ce kakanninsu sun taɓa haɗa jirgi. Abdulgani ya zame ya sami Fatoma, ya tambaya ko akwai wani ɗaki can ciki, don hayaniyar hanya.

"Ciki na mata na," in ji Fatoma. "Kuma ɗakinga shi aka rububi. Mutane na kwana huɗu suna jiran shi."

Da akushi ya iso, mutum tara ne a kan tabarma. Abdulgani ya ce bismilla da muryar mai karanta wa kansa hukunci. Ya sami ƙafa ɗaya, da ɗan romon da ya dangwala. Baƙin ciki ya cika shi har wuya, na gaske, irin wanda babba ke jin kunyar a gane dalilinsa. Ya yi tafiyar kwana biyu cikin zafin bazara, kifinsa ya kusa ƙarewa a hannun masu saye, saura zabuwa ɗaya tak a duniya da sunansa.

Ranar Alhamis ya tashi da dabara. Da aka kawo masa koko da safe ya mayar, don ya bar wa zabuwa fili. Bayan azahar jama'a suka hallara, goma sha ɗaya wannan karon, Jibrin a gaba kamar liman. Albarka ta ajiye akushi. Abdulgani bai ko dubi faifan ba. Ya jawo tasbaha, ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri, 'yan'uwa," ya ce a hankali. "Yau Alhamis ta. Azumi nika yi."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Wanda ba ya ci ba ya cewa bismilla. Za su yi 'yan kame-kame su watse, shi kuma ya saki asabari ya gana da baiwar Allah.

Jibrin ya dafe ƙirji. "Azumin nahila? Cikin tahiya, cikin bazarag ga? Abdulgani, ashe haka kake tsakaninka da Ubangiji, muna zamne da kai ba mu sani ba?"

Albarka, da ba ta riga ta fita ba, ta juyo. "Gaskiya ta. Ko kokon sahe bai taɓa ba, haka nik kwashe shi."

Aka ɗauki salati. Abdulgani ya ce ba komai ba ne, a dai rufe akushin a ajiye masa can gefe har magariba. Daidai nan Fatoma ya leƙo, ya ji abin da ake ciki, ya girgiza kai.

"Haba, baƙona. Mai azumi ya buɗe baki da nama mai sanyi a gidana? A yi da ni a gari? Albarka za ta dama maka kunun tsamiya mai zahi, shi ad daidai da cikin da yaw wuni. Wagga kuwa ka ciyar da ita, ka haɗa lada biyu."

"Lada biyu," in ji Jibrin, ya riga ya kai hannu ga buta.

Haka Abdulgani ya zauna yana jan tasbaha, mutum goma sha ɗaya suna cinye zabuwarsa ta ƙarshe a gabansa, kowa ya haɗiya sai ya sa masa albarka. Ya ji ƙarar kowane ƙashi. Wuyan ma da ya saba samu, mai kakan jirgi ne ya tsotse shi. Da suka gama, Fatoma ya sa aka fitar da tulun ruwa daga ɗakin, wai kada sanyinsa ya dami bawan Allah.

Sai ƙishirwa ta ce ga ta. Ya fita neman inda zai kurɓi ruwa a ɓoye, amma ina? Rijiya a ƙofar gida take, mata na ganinsa suka ce, "Sannu da ibada, Malam." Ya shiga kasuwa, mai fura ta rufe ƙwaryarta don girmamawa. Ya bi bayan masallaci, ya yi kiciɓis da shaidun Jibrin suna ba wasu labarinsa. Wata tsohuwa ta tare shi ta ce ya tofa mata addu'a a gwiwa, ya nemi yawun tofawar ya rasa. Ya dawo ɗaki ya kwanta, leɓɓansa sun bushe kamar bandarsa. Can wajen la'asar ya ga tun da dai ya sha wuyar, gara ya roƙi Allah Ya karɓa, in ana karɓar irin wannan. Shi kansa bai sa rai sosai ba.

Da magariba mutum goma sha biyar suka zo neman tubarrakin buɗa-bakinsa. Ya sami ludayi biyu na kunu.

Ranar Asabar ya kama hanyar gida da jakai marasa kaya, da turmin zane na Huseina, da zuciya mai nauyi. Jibrin ya riga shi da kwana ɗaya, don an sake ɗaga shari'ar, kuma hanyar Diggi ta Kalgo ta bi. Tun daga bakin gari aka fara ce masa Malam. Liman ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba. Huseina ta karɓi zanenta, ta dube shi sama da ƙasa.

"An ce azumi kaka yi ran Alhamis."

"Haka na," in ji shi, yana kallon jakai.

"Shekara ashirin da shida ina dama maka koko, ban taɓa ganin ka bar ko na ludayi ba. Mi anka dahwa gidan Fatoman?"

Ya sosa ƙeya. Sannan, da yake babu kowa kusa, kuma abin ya yi masa yawa, ya gaya mata duka, tun daga wuya da fiffike har zuwa tulun da aka fitar. Huseina ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ta shige ɗaki. Ya ji dariyarta har turken jakai, ya yi da-na-sanin buɗe baki.

Alhamis ta zagayo. Ba a kawo masa koko ba, kuma bai isa ya tambaya ba, don duk Kalgo ta san ranar Malam ce. Ya wuni a bakin gulbi yana amsa sannu da ibada, wannan karon da niyyarsa tun asuba, tun da ba shi da mafita. Da rana ta faɗi ya shigo gida yana jan ƙafa. Huseina ta kora kowa bayan danga, manya da yara, ta ce mai azumi ba a tsaya masa a ka. Ta ajiye masa ruwa da akushi, ta saki asabari, ta jawo turmi ta zauna a bakin ƙofa.

Ya ɗaga faifai. Zabuwa ce, guda, da man shanu. Ashe tun Talata ta ba wata Bafillatana banda ta karɓo su. Yajin bai kai na Albarka ba, gefe ɗaya ma ya ɗan ƙone. Abdulgani ya zauna yana kallonta, idanunsa suka ciko, ya rasa ko yunwa ce ko wani abu.

Daga zaure aka yi sallama. Muryar ba baƙuwa ba ce.

"Jibrin na, na biyo in sami tubarrakin Malam."

"Malam na ibada," in ji Huseina daga kan turmi, ba ta ko motsa ba. "Ka dawo Jumma'a, akwai kihi."

Abdulgani ya ci. Ya ci ƙirji, ya ci fukafukai, ya ci wuyan ma don sun saba. Ba ido a bayan danga, ba mai labarin kututture. Da ya zo kan cinyoyi ya ɗaga su biyun ya daɗe yana gwadawa. Sannan ya cinye babbar, ya mayar da ƙaramar cikin akushi, ya rufe da faifai, ya tura shi ta ƙarƙashin asabari zuwa gindin turmi.