Ƙafa Ake Fara Fitarwa

Ranar da za a binne mahaifiyar Osbert Gittens, masunta shida suka tsaya a bakin ƙofa, kowa da hannun akwatin gawar da zai riƙe, shi ba a ware masa ko ɗaya ba. Abin da ya taso shi daga birnin Bridgetown ke nan kuwa: ya ɗauki uwarsa zuwa kabari, tunda tana raye bai taɓa ɗaukar mata kwandon kifi ba.

Osbert yana ɗan shekara tara, Malam Yearwood, shugaban makarantar ƙauyen, ya mayar da shi gidansa. Ya wanke masa ƙarnin kifi, ya gyara masa harshe da bulala, ya ɗura masa littattafan Ingila, ya hana shi taka bakin teku. Aka wayi gari Osbert ya zama akawun kotu. Turawa ba sa kiransa cin abinci, danginsa kuma in ya shigo sai hira ta mutu.

Yanzu ga tsohon nan ya dogaro sanda, ya miƙo masa takarda.

"Yarona, ga jawabin da za ka karanta a coci. Na sa baitoci masu kyau. Ɗaukar akwati bar wa masu ƙarfi."

"Ai fa, Lauya," in ji wani masunci, "kada hannun biron nan ya yi kanta."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Zuciyar Osbert ta tafasa, kuma ba masuncin ya duba ba.

"Malam, ka san sunanta? Shafi uku ka cika, ko sau ɗaya babu Eudora a ciki. Ka ƙera ni yadda kake so, ka ajiye ni inda ba kowa. Littattafanka cike suke da labaran ƙerarru irina, ka manta yadda suke ƙarewa da mai ƙera su?"

"Ni na mai da kai mutum!"

"Da can kifi ne ni?"

Ya yayyaga takardar, ya zube ta a kan takalman tsohon. Ya kutsa ɗaki, ya tsaya gaban yayansa Denzil.

"Yaya, ni ma ita ta haife ni."

Denzil ya daɗe yana dubansa, sannan ya sakar masa hannun akwatin da ke wajen kai. Daɗi ya kama Osbert har idonsa ya ciko. Aka ɗaga, shi kuma don zumuɗi ya ja da ƙarfi, ya juya akwatin ya nufi ƙofa da baya.

Mata suka sa ihu. Ko jariri a ƙauyen ya san ƙafa ake fara fitarwa. Gawar da ta fita da kai tana kallon gida, ba ta barin mutanensa su huta. A gidan Malam camfi ake kiran wannan, ba a ma ambatonsa. Kan Eudora kuwa ya riga ya tsallake dokin ƙofa.

"Saki," in ji Denzil a hankali. "Saki mana uwarmu, ranka ya daɗe."

Ya saki. Aka koma da ita ciki, aka juya, aka fito, aka wuce ana waƙa, ba wanda ya waiwayo. Tsakar gida ta watse, sai mutum ɗaya da ya tsaya jiransa: Malam Yearwood, ya miƙo hannu a kama shi su tafi coci.