Minsharin Kyaftin

Tabarau ne ya kai Malama asibitin. Dokar aikin mijinta ta ce matuƙin jirgin sama mai sa tabarau sai ya riƙe guda biyu, kuma likitan da ke gwada matuƙa sai ya ga na biyun da idonsa. Kyaftin kuwa, mutumin da ba ya manta maɓalli ko ɗaya a jirgi, ya bar nasa na biyun a kan firji. Ta ɗauka ta bi bayansa.

Wannan ne gwajin ƙarshe. Wani kamfanin ƙasar waje ya ɗauke shi aiki, ya ci jarrabawar sauya lasisi bayan wata bakwai yana karatu a teburin cin abinci kamar ɗan makaranta. Takardar lafiya kaɗai ta rage. Jakarsa ma tana bakin ƙofa a shirye.

Ta same shi zaune a bakin gadon gwaji, an gama auna masa zuciya, yana ɓalla maɓallan rigarsa. Likitan, wani dattijo mai fara'a, yana cike fom.

"Sannu da ƙoƙari, Malama," in ji likitan. "Tunda ga mai shaida ta zo, maigidan yana minshari?"

Malama dai in ta samu mai dariya, bakinta ba ya da birki.

"Minshari, Likita? Ai da shi maƙwabta ke gane ya dawo daga tafiya. Wani lokacin ma sai ya ɗauke numfashi ɗif, in ƙirga har ashirin, sai na zungure shi sannan ya ja."

Ita kaɗai ta yi dariya. Likitan ya gyara zama ya ce, "Kamar sau nawa kafin gari ya waye?"

Ta dubi mijinta. Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli na uku.

Ba a sa hannu a takardar ba. Aka tura shi gwajin barci, aka tabbatar numfashinsa na yankewa, aka ce sai ya yi wata uku yana kwana da na'urar numfashi kafin a sake duba shi. Kamfanin bai iya jira ba. Suka rubuto cikin ladabi cewa sun ba wani gurbin.

Da ya yi faɗa, da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya kwance jakar, ya mayar da rigunan cikin kabad, yana gaishe ta kullum kamar ba abin da ya faru. Ta yi ta lallashin kanta cewa gaskiya ta faɗa, kuma rayukan fasinjoji ba abin wasa ba ne. Amma ta san ba don fasinjoji ta faɗa ba, don likita ya yi dariya ne. Abin da ya fi cin ranta shi ne, a hanyarsu ta komawa gida ranar, duk da kunyar da ta rufe ta, ta ji daɗi ba zai tafi ya bar ta ba.

Wata safiya ta tarar da shi a kicin yana wanke robar na'urar da yake sawa a hanci. Ta tsaya a bayansa.

"Baban yara, ka yafe mini."

"Me kika yi? Ai ba ƙarya kika yi mini ba." Ya ci gaba da wankin. Can ya ce, "Tun yaushe kike ƙirgawa?"

"Tun kafin a haifi auta."

Auta tana aji huɗu na firamare. Kyaftin ya kashe famfo ya juyo.

"Shekara tara ke nan ina ɗaukar mutane ɗari biyu sama, ina hamma, ina cewa gajiyar aiki ce. Kina kwance kusa da ni kina ƙirgawa. Likita minti ɗaya ya yi da ganinki kika gaya masa. Ni me ya hana?"

Ya ɗan jira, sannan ya rataye robar a ƙusa ya fita.