Kifayen Falon Siddiƙu

Uwani ta dire kwanon a kan teburin kantin, ruwa ya fantsama a rigar Ladan. Kifaye bakwai ne a ciki, ja da ruwan ɗorawa, duk sun juya ciki sama.

"Ga aikin injinka," ta ce. "Jama'a, ku matso ku gani!"

Suka kuwa matso. Ladan kayan Turawa yake sayarwa a Sabon Gari. Shi ya sayar wa ɗanta akwatin gilashi mai tsawon gado, da kifayen da aka ɗauko daga Ikko a jirgin sama, da injin tace ruwa. Ɗan nata, Alhaji Siddiƙu, kwangilar siminti ce ta ɗaga shi cikin shekara uku, har ya kai ga ajiye kifi a falo don kallo kawai. Ita ba ta taɓa ganin amfanin abin ba. Amma da safe ta hango shi tsugune gaban gilashin, ta ji yana cewa zai je bariki wurin abokinsa, sai ta ɗauki mayafi. Ɗan fari ne. Shekara arba'in ba ta kira sunansa ba, ba ta yi masa magana ido da ido ba. Faɗa dominsa kuwa, a bayan idonsa, babu wanda ya kai ta.

"Inna, zauna ki sha ruwa," in ji Ladan.

"Ruwanka? Wanda ya kashe kifi? Ni ma so kake in juya ciki sama?"

Aka yi dariya a bakin ƙofa. Ladan ya sauko da kwali biyu ya buɗe.

"Biyu na gwada wa Alhaji. Wanga mai yashi da gawayi ne, wanga kuma shi Turawa ke yayi. Ya ce a ba shi na yayi. Ko wanne anka ɗauka, Inna, ba ya kashe kifi."

"Yayin banza! Kwana ukku ruwan nan kamar kunu. Sai da ni, da ban yi boko ba, na tashi na gyara shi."

"Kin gyara shi da mi?"

"Da alif mana. Dunƙule guda na daka na zuba jiya da la'asar. Kafin magariba ya kwanta garau, kamar na randata."

Ladan ya rufe kwalin a hankali. Ya rage murya, amma kantin ya yi tsit, kowa ya ji.

"Ruwan sabon akwati haka yake yi, mako guda ya washe da kansa. Alif kuwa, mutum kurɓa yake yi ya tashi. Kifi a ciki yake numfashi."

Uwani ta dubi kwanon. Ta dubi mutanen da ita da bakinta ta kira. Mayafin ya yi mata nauyi a ka.

A daidai nan mota ta tsaya a waje. Siddiƙu ya shigo, bayansa soja riƙe da bulala da kwaɗon rufe ƙofa. Ya ga uwarsa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya wuce ta.

"Shi ne wannan," ya ce wa sojan.

Ladan ya ɗan kalli tsohuwar, sannan ya kawar da ido.

"Alhaji, a yi haƙuri. Ƙila injin ne."

Sojan ya damƙi wuyan rigarsa, maɓalli ya faɗo ya gangara har ƙafar Uwani. Ta ga mutumin da ta zaga a gaban jama'a yana rufa mata asiri da bayansa.

"Siddiƙu."

Ya waiwaya wajen ƙofa, yana neman mai kiran. Bai san sunansa a muryarta ba.

"Ni ce. Ni na zuba musu alif. Ka ce ya saki ɗan mutane."

Sojan ya saki rigar tun kafin a ce masa. Siddiƙu ya tsaya, baki a buɗe, idonsa ya cika.

Uwani ta sunkuya ta tsinci maɓallin, ta ajiye a gaban Ladan.

"Ka ba shi injin mai gawayin," ta ce. "Shi dai na san abin da ke ciki."

Ta rufe kwanon da bakin mayafi. Direba ya buɗe mata ƙofar mota, ta wuce shi, ta kama hanya a ƙasa.